Ku Tambaya Mu Amsa: Mashin ɗin lantarki na shiga daji ga mai lalurar ƙafa ko hannu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni dai tun ina yaro shan inna ta taɓa min ƙafar dama, ina tafiya da sanda ɗaya kuma ina sa ƙarfen da ke riƙe min gwiwa, ta hagu ƙalau take, hannuwana ma Alhamdulillah da ƙarfinsu. Na daɗe ina sha'awar mashinan nan na shiga daji da hawa tudu amma na fetur sun gagare ni saboda kik da birkin baya duk a ƙafar dama suke, to yanzu ina ta ganin na lantarki a bidiyo kala kala, wasu sun ce Sur-Ron wasu sun ce Stark Varg ya fi kowanne ƙarfi, dan Allah wanne zan saya? Kuma kar a ce min in haƙura, an sha faɗa min.
Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ba zan ce ka haƙura ba, dan kuwa waɗanda lalurarsu ta fi taka ma suna kan mashin. Akwai Doug Henry a Amurka, zakaran tseren daji ne tun shekarun 1990, a 2007 ya yi hatsari ya karye a ƙashin baya ƙafafuwansa biyu suka daina aiki, amma ya koma hawa da kujera ta musamman da ƙarafa kewaye da ƙafafunsa. Haka Mike Schultz, an yanke masa ƙafar hagu daga saman gwiwa a 2008, da ya ga ƙafar roba ta tafiya ba ta iya aikin tsalle sai ya ƙera tasa gwiwar mai suna Moto Knee, har ya buɗe kamfanin BioDapt yana yi wa wasu. To kaga maganar ko zai yiwu an wuce nan.

Sai dai maganar wanne ya fi ƙarfi da ka kawo, ajiye ta gefe tukunna. Mashin in yana gudu ai shi ke riƙe kansa, ba ya neman ƙafar kowa. Rigimar tana wajen tsayawa, da juyawa a matsattsen wuri, da lokacin da ya kwanta a ƙasa kai kaɗai a daji babu mai taya ka ɗagawa, kuma a daji faɗuwa dole ce, gwanaye ma suna faɗuwa balle mai koyo. Saboda haka abu na farko da zaka tambaya kilo nawa ne, na biyu tsayin kujerarsa, na uku ina birkin baya yake, in ka gama da waɗannan sannan ka zo kan gudu.

Na lantarki ya riga ya sauƙaƙa maka abubuwa da yawa, galibinsu babu kulochi, babu giya, babu kik, makulli ne kawai ka murɗa totur ka tafi, kuma babu salansa mai zafi da za ta ƙona ƙafar da ba ta iya janye kanta da sauri. Amma kar ka ɗauka duk na lantarki birkinsu a hannu yake, Zero FX na Amurka misali birkin bayansa a ƙafar dama yake kamar na fetur, ga shi yana kaiwa wajen kilo 130, sai an yi masa aiki kafin ya dace da kai. KTM Freeride E-XC na ƙasar Ostiriya shi kam tun daga kamfani birki biyun duk a hannu suke, na gaba a dama na baya a hagu inda kulochi yake zama, nauyinsa wajen kilo 110. Sur-Ron na Sin ma haka, ƙaraminsu Light Bee bai kai kilo 60 ba, na tsakiya Ultra Bee wajen kilo 85 ne kuma yana da ribas, ribas ɗin nan fa kar ka raina shi, in hanya ta ƙare maka a bakin kwazazzabo mai ƙafa biyu sai ya tako ya ja mashin baya, kai kuma da ƙafa ɗaya za ka yi ta fama, maɓalli ɗaya ya raba ka da wannan wahalar.

Shi kuma Stark Varg da ake ta zuzutawa, a Sifen ake ƙera shi, gaskiya ne yana da ƙarfi har doki 80 kuma wajen saye kana iya zaɓar mai birkin baya a hannu, ana kuma rage masa ƙarfi ta wayar salular da ke kansa har ya koma kamar na ɗan koyo. To amma na tsere ne, ya haura kilo 110 ga shi dogo, kujerarsa ta fi santimita 90 daga ƙasa, in ba kai ma dogon ba ne da ƙyar ɗan yatsan ƙafarka zai taɓa ƙasa. Ni dai in ka bi ta tawa ba da shi za ka fara ba. Ka fara da mara nauyi irin Light Bee ko Talaria Sting da suke kusan aji ɗaya, in jikinka babba ne ko kana son mai ribas sai ka duba Ultra Bee, daga baya in hannunka ya faɗa ka hau duk wanda ranka ke so.

Kuma kar ka saya daga hoto ko bidiyo, ka je inda yake ka zauna a kai sanye da ƙarfen gwiwarka da takalmin da za ka riƙa hawa da shi. Ƙafar hagu ta sauka ƙasa gaba ɗaya har diddige ko kuwa ɗage take? Ka iya tsallaka ta dama kan kujera ko sai ka ɗaga ta da hannu? Ƙarfen yana gogar jikin mashin ko yana maƙalewa a wani wuri? In mai shi ya yarda a kwantar da shi a hankali ta ɓangaren dama ka gwada ɗagawa, nan za ka san gaskiya. Ka yi sa'a ɗaya, ƙafar jingina mashin a hagu take, wato ɓangarenka mai lafiya, sai ka saba wa kanka duk tsayawa kana karkata hagu, in a gefen tudu ne ka juya yadda tudun zai kasance a hagunka. In kujera ta yi tsayi ana rage soson ta ko a sassauta shokazoba, sai dai in an sauke da yawa cikin mashin zai riƙa dukan duwatsu. Masu hawan daji a tsaye suke yawan tuƙi kan matakan ƙafa su bar gwiwa ta sha gargada, kai kuma a zaune za ka fi yi, dan haka bayanka ne zai sha dukan, ka sa a gyara maka shokazoba daidai nauyinka kuma a faɗaɗa kujerar dan ta ƙananan nan siririya ce ga tauri.

Ƙafar daman za ta riƙa zamewa daga mataki in ana gargada, maganinta mataki mai faɗi ko mai 'yar kariya a gefe, wasu ma har mai maganaɗisu suke sawa. Abin da ban yarda ba shi ne ɗaure ta da igiya ko bel, in mashin ya faɗi sai ya tafi da ita. Ka nuna wa likitan ƙashi ko mai yi maka ƙarfen irin zaman da za ka yi kafin ka fara, su suka san iya abin da gwiwar za ta ɗauka.

Akwai halin na lantarki guda biyu da ke cutar sabon shiga. Shiru yake ko a kunne, kai kuma wajen hawa da hannu za ka dogara, in ka danne totur ba ka sani ba sai dai ka ga ya fizge ya bar ka ƙasa, dan shi ƙarfinsa nan take yake zuwa. Ka hau ka daidaita tukunna sannan ka kunna, ka kashe kafin ka sauka, kuma a sa maka igiyar nan ta wuyan hannu da ke kashe shi in ka faɗi. Na biyu, tunda babu giyar da za ka bar shi a ciki, in ka faka a gangare gangarawa yake, ka riƙa yawo da ɗan roba ko maɗauri kana matse birkin hannu da shi.

Batir kuwa, nisan da kamfani ya rubuta a shimfiɗaɗɗiyar hanya ne da tafiya a hankali, yashi da taɓo da hawa suna shanye caji sosai, kuma kai ba mai tura mashin zuwa gida ba ne in ya mutu, ka juyo tun caji na rabi, kar ka shiga nesa kai kaɗai, hular kwano da kariyar gwiwa kuma ba sai na faɗa ba. Ka tabbata ana samun kayan gyaransa, dan kamfanonin mashinan lantarki na rufewa, Alta Motors ya rufe a 2018, Cake na Suwidin ya karye a 2024, duka sun yi suna a lokacinsu. Da yawa daga cikin mashinan nan ba a yi su dan titi ba, ka binciki dokar inda kake.

Tambaya: Malam ni hannun dama na rasa daga wuyan hannu a wajen aiki, ko ni ma akwai hanya?

Amsa: Akwai, Allah ya ƙara lafiya. Totur ɗin na lantarki waya ce kawai ke kai saƙo, mayar da shi hagu ko canza shi zuwa na babban yatsa ba wani babban aiki ba ne a wajen bakaniken da ya san kansa. Sai dai kai akasin ɗan uwanmu na sama ne, mai birkin baya a ƙafa shi ya fi maka, sai a dawo da na gaba hagu, in kuma ƙaramin ka saya akwai birki mai hannu biyu a gefe ɗaya. Ka ƙara da abin da ke hana kan mashin karkarwa in taya ta daki dutse. Wajen riƙe ɗaya gefen, tsohon zakaran Amurka na 1969 Mert Lawwill ya ƙera hannun roba da ke maƙalewa a kan mashin ya kuma saki da kansa in an faɗi, irinsa za ka nema a wajen masu yi maka hannun, ka fara gwaji a fili mai laushi da ƙaramin ƙarfi.