Wasalin da ke ɓuya a dogayen kalmomin Turanci

Malama, kin tambayi dalilin da ɗalibanki ke rubuta "seperate" da "definate". Ba laifin kunnensu ba ne. A Turanci, wasalin gaɓar da ba a ƙarfafa ba narkewa yake yi, a da e da i duk a ji su ɗaya. Yaron da ya saba da Hausa kuwa, abin da ya ji shi yake rubutawa.

Ki sa su tafa kalmar gaɓa-gaɓa, suna furta ta yadda aka rubuta: sep-a-rate. Sai ki nemo 'yar'uwarta wadda ƙarfin ya faɗa kan wasalin: "finite" ta tona asirin i na "definite", "compete" ta fito da e na "competition". Kalma 5 a mako sun isa. Su ja wa wasalin layi da jan biro, ranar Juma'a a yi shifta.