Ban ruwan lambu da ruwan Jakara

Malam, ka tambaya ko ruwan kogin Jakara da ke gangarowa madatsar Wasai a Minjibir ya dace da ban ruwan latas da kabeji. Bai dace ba, musamman ga kayan lambun da ake ci ɗanye.

Kogin yana ratsa birnin Kano yana kwasar ƙazantar magudanai, sannan rafin Getsi ya zuba masa dagwalon masana'antun Bompai, har da na majemu. Na yi shekaru ina lambu a yankin, kuma na lura ruwan ya fi baƙi da wari da rani, lokacin da babu ruwan sama da zai surka shi, don haka in da hali ka haƙa rijiya nesa da gaɓa.