Yayanka ya rasu a Houston: yadda za ka gano fayil ɗin gadonsa da abin da za ka shigar a ciki

Tambaya daga wani mai karatu: "Yayana ya rasu a birnin Houston na Amurka wata takwas da suka wuce. Ya bar mata da ɗa ɗaya a can, sannan akwai 'ya'yansa biyu a nan gida wajen mahaifiyarmu, waɗanda ya haifa da matarsa ta fari kafin su rabu. Babban yana da shekara 22, ƙaramar 15. Mun san yana da gida da mota, amma tun bayan sadakar arba'in matar ta daina ɗaukar wayarmu. Ta yaya za mu san ko an raba gadon?"

Malam, Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Kafin a zargi kowa, a fara duba takarda. A Amurka maganar gado ba ta gwamnatin tarayya ba ce, kowace jiha da dokarta, kuma ana buɗe fayil ɗin ne a gundumar da mamaci yake zaune lokacin rasuwarsa. Jihar Teksas tana da gundumomi 254. Mafi yawan Houston yana cikin gundumar Harris, amma birnin ya malala har cikin gundumomin Fort Bend da Montgomery, don haka adireshin da ya ce Houston ba tabbaci ba ne. Inda ya yi jinya ko inda aka binne shi ba su ne ma'auni ba, gidan da yake kwana shi ne. Ka sa adireshin a shafin hukumar ƙiyasta darajar gidaje ta gundumar, wato HCAD idan Harris ce. Kyauta ne, kuma zai nuna maka sunan wanda gidan yake kansa.

Mai riƙe da fayilolin gado shi ne magatakardan gunduma, wanda suke kira County Clerk. Na Harris yana lamba 201 a titin Caroline, kuma ana iya binciken shari'o'in gado ta shafinsa na intanet daga ko'ina. Fayil ɗin a buɗe yake ga jama'a, ba sai ka nuna dangantaka ba. Inda mutanenmu suka fi faɗuwa shi ne suna. Mutum a gida Muhammadu ne, a fasfo Mohammed, a lasisin tuƙi kuma sunan garinsu ne ya zama sunan mahaifi. Ka gwada kowane rubutu, ka juya sunayen gaba da baya, ka kuma bincika da sunan matar, domin mai yiwuwa ita ta shigar da buƙatar. Da ka samu, ka rubuta lambar shari'ar. Ita ce za a tambaye ka duk lokacin da ka kira ofishin.

A cikin fayil ɗin ka fara karanta takardar buƙata ta farko, domin a nan ake lissafa magada. Idan sunayen yaran gida ba sa ciki, ka ga inda matsalar take. Sai ka duba ko akwai wasiyya, da umarnin alƙali, da takardar da ta ba wani ikon kula da dukiyar, da jerin kadarori. Doka ta ba mai kula da dukiya kwana 90 daga ranar da ya cika sharuɗɗan naɗinsa ya shigar da jerin. Sai dai idan babu bashin da ya rage ban da na jingina da haraji da kuɗin tafiyar da gadon, yana iya shigar da rantsuwa a maimakon jerin, ka ga ba za ka ga lissafin a fili ba. A nan magajin ne da kansa zai nemi kwafi. Kwafin da za ka karanta daban, kwafi mai hatimin magatakarda daban, kuma mai hatimin ne banki ko wata kotu za su karɓa.

Idan ba ka sami komai ba, wannan ba shaida ce ta cewa an ɓoye wani abu ba. Wata takwas ba jinkiri ba ne a wajensu, domin doka ta ba da shekara huɗu daga ranar rasuwa a gabatar da wasiyya ko a nemi a naɗa mai kula da dukiya. Sannan akwai dukiyar da ba ta bi ta kotu kwata-kwata: inshorar rai, asusun bankin da aka rubuta wa mai karɓa bayan mutuwa, da kuɗin ritaya na wurin aiki irin su 401(k), wanda dokar tarayya ta ba matar aure sai idan ta sa hannu ta yafe. Tun 2015 kuma Teksas ta amince da takardar mallakar gida mai komawa ga wani da zarar mai shi ya mutu. Wannan a rajistar filaye take, a ofishin magatakardan dai, amma sashe daban. Ka duba can ma, ka nemi wannan takarda ko rantsuwar bayyana magada da wani ya yi wa rajista.

Yanzu ga maganar da ba za ta yi daɗin ji ba. Idan babu wasiyya, kotun Teksas ba za ta raba gado bisa fara'ili ba. A shari'ar Musulunci Hajiya mahaifiyarku tana da sudusi, matar tana da sumuni, namiji kuma yana ɗaukar rabon mata biyu. A dokar Teksas, muddin mamaci ya bar 'ya'ya, uwa ba ta gado, kai ma ba ka gado, kuma ɗa da 'ya rabonsu ɗaya. Saboda haka masu haƙƙin magana a wannan fayil daga ɓangarenku su ne yaran biyu. Kai mai taimako ne, kuma gara ka shiga da wannan sanin.

Amma dokar ta tsaya wa yaran fiye da yadda ake zato. Teksas tana ɗaukar abin da ma'aurata suka samu a cikin aure a matsayin dukiyar haɗin gwiwa, rabi na miji, rabi na mata. Da duk 'ya'yan mamaci na matar da ya bari ne, da ta kwashe rabinsa gaba ɗaya. Tunda akwai waɗanda ba ita ta haifa ba, rabinsa na 'ya'yansa uku ne, ita ta riƙe nata rabin kawai. A ƙaddara gidan ya kai dala 300,000, saura bashin jingina 180,000. Abin da ya rage 120,000 ne: 60,000 nata, 60,000 na yara, kowa 20,000. Dukiyar da ya mallaka kafin auren kuwa, idan ba ƙasa ko gida ba ce, matar tana da kashi ɗaya cikin uku, yara biyu cikin uku. Kada dai a yi saurin lissafin kuɗin gidan, domin matar tana da haƙƙin ci gaba da zama a cikinsa iyakar rayuwarta, kuma ba a tilasta mata sayarwa muddin tana ciki. Rabon yaran yana nan a takarda, amma yana iya daɗewa bai zama kuɗi a hannu ba. Abin da ya bari a Najeriya kuma wannan kotun gida ce za ta raba shi, da dokar gida.

Idan akwai wasiyya, ita za a bi, ko da ta hana yaran komai, domin Teksas ba ta tilasta wa uba ya bar wa ɗa gado. Ana iya ƙalubalantarta cikin shekara biyu daga ranar da kotu ta amince da ita, bisa dalili irin na jabu, rashin hankali lokacin sa hannu, ko tursasawa. Rashin adalci kaɗai ba dalili ba ne a wajensu.

To me za a shigar? Idan babu fayil kuma babu wasiyya, babban yaron yana da ikon shigar da buƙatar kotu ta tantance magada, a haɗa da buƙatar naɗa mai kula da dukiya. Kotu za ta naɗa lauya na musamman da zai wakilci magadan da ba a sani ba, ya yi bincike, a kuma saurari shaidu biyu waɗanda suka san tarihin iyalin amma ba su da rabo. Idan fayil yana nan ana cikin wannan mataki, ku nemi sunan wannan lauyan a cikin takardun, ku aika masa shaidar haihuwar yaran tun kafin ranar zama. Wannan ita ce hanya mafi arha da sauri. Idan kuwa an riga an yanke hukunci ba tare da an aika wa yaran sammaci ba, suna da shekara huɗu daga ranar hukuncin su nemi a gyara, kuma idan an tabbatar da zamba da gangan babu wa'adi.

Akwai gajeriyar hanya ta rantsuwar ƙaramin gado, idan babu wasiyya, kwana 30 sun wuce, kuma dukiyar ba ta haura dala 75,000 ba bayan an cire gidan zama da kayan da doka ta keɓe. Tana buƙatar sa hannun duk magada da shaidu biyu. Idan an aiko muku da irin wannan takarda, ko wadda ke neman ku amince a bar mai kula da dukiya ya yi aiki ba tare da sa idon kotu ba, kada yaron ya sa hannu sai lauyansa ya karanta. Irin wannan kulawa mai zaman kanta ita ce aka fi yi a Teksas, tana rage kashe kuɗi, amma tana nufin alƙali ba ya duba kowane ciniki. Ko a hakan, bayan wata 15 magaji yana iya neman cikakken lissafi a rubuce.

Ba na ba da shawarar yaron ya nemi a naɗa shi daga nan. Doka ta yarda da wanda ba mazaunin jihar ba idan ya naɗa wakili mazauni, amma matar tana gaba da shi a jerin fifiko, ga kuɗin lamuni na inshora da kotu kan nema daga mai kula da dukiya. Kotunan gado na can kuma ba sa barin mutum ya wakilci dukiyar mamaci ba lauya. Magatakarda zai karɓi takarda, zai faɗa maka kuɗin shigarwa, amma an hana shi ba ka shawarar doka, kada ka ga laifinsa. Ku ɗauki lauya mai lasisin Teksas, ku tabbatar da sunansa a shafin ƙungiyar lauyoyin jihar.

Ku tanadi takardar haihuwar kowane yaro daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa mai ɗauke da sunan uban, da shaidar auren farko da ta saki, da fasfo. Takardar saki tana da nauyi, domin idan ba a nuna auren farko ya ƙare ba, tambaya za ta taso kan wace ce matar da doka ta sani, shari'ar ta ƙara tsawo. Abin da ke cikin Hausa ko Larabci sai an fassara, mai fassara ya rantse. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta hatimin apostil, wato hatimin da ke tabbatar da takardun hukuma tsakanin ƙasashe, don haka rantsuwar da za a yi daga nan ya fi tsaro a yi ta a ofishin jakadancin Amurka a Abuja ko Legas. Takardar shaidar mutuwa kuma Teksas ba ta ba kowa sai dangi na kusa har shekara 25, to yaron ne ko kai ɗan'uwansa za ku nema.

Idan iyali suna son rabo na Musulunci, ƙofa a buɗe take ta hanyar yarjejeniyar sulhu a rubuce, manya su sa hannu a shigar a fayil. Amma yarinya mai shekara 15 da ƙaninta na Houston ba sa iya yafe haƙƙinsu, kuma ba mai yafe musu sai da amincewar kotu. Rabon ƙaramar ma ba za a damƙa wa kawu ba, yawanci kotu ce ke ajiye shi har ta cika 18.

Teksas ba ta karɓar harajin gado, na tarayya kuma sai dukiya ta kai miliyoyin daloli masu yawa. Duk wanda ya kira ku ya ce a turo kuɗin haraji kafin a saki gadon, ku tambaye shi lambar shari'a da sunan kotu, ku duba da kanku a shafin magatakarda.