Tambaya da Amsa: Za a aike ni aikin bishara Madagaska

Tambaya: Malam, ikkilisiyarmu na shirin aike ni da matata Madagaska na shekara biyu. Wani da ya ce ya san ƙasar ya gaya wa dattawa cewa mutanen can matattu suke bauta wa, ba su taɓa jin sunan Yesu ba, kuma bizar yawon buɗe ido ta ishe mu. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Ɗan'uwa, gara da hankalinka bai kwanta ba, don maganganun nan duk ba gaskiya ba ne.

Bizar da ake bayarwa a filin jirgi na Ivato da ke Antananarivo, babban birnin ƙasar, ta baƙo ce mai gajeren zama, ba a mayar da ita ta zaman aiki. Ka nemi takardar gayyata daga ikkilisiya mai rajista a can, sannan ka karɓi bizar da ake iya sauyawa zuwa ta dogon zama tun kafin ka tashi. Katin rigakafin shawara dole ne ga mai fitowa daga Najeriya. Jirgi ta Adis Ababa ko Nairobi. Kada ku sauka tsakanin Janairu da Maris, lokacin guguwar teku ne, hanyoyi na yankewa.

To, batun "ba su taɓa ji ba". Na gaji da jin wannan daga bakin masu tara kuɗin taron wa'azi. Masu bishara daga Birtaniya sun isa tsibirin a 1818. A 1835 aka gama buga Littafi Mai Tsarki da harshen Malagasi, kusan shekara ɗari kafin na Hausa ya fito a 1932. A 1835 ɗin ne kuma Sarauniya Ranavalona ta Ɗaya ta haramta Kiristanci, aka kashe wata Kirista mai suna Rasalama da mashi a 1837, aka jefo wasu daga kan dutse a Antananarivo. Jikokin waɗannan shahidai za ka je ka ce wa ba su san Yesu ba? Akwai Katolika, FJKM (babbar ikkilisiyar Furotesta ta ƙasar), Lutheran da Anglikan, ga 'yan farkawa da ake kira Fifohazana, masu fararen tufafi, suna addu'a wa marasa lafiya tun 1894. A arewa maso yamma, wajen Mahajanga, Musulmi na da yawa.

Haɗarin wannan ƙarya shi ne tana sa baƙo ya iso da raini. Girmama kakanni, waɗanda ake kira razana da Malagasi, yana da ƙarfi har cikin masu zuwa sujada. A tsaunukan tsakiya, ƙabilun Merina da Betsileo kan buɗe kabarin iyali a lokacin rani, su sake wa ƙasusuwa likkafani, shi ne famadihana. Ikkilisiyoyin ƙasar sun daɗe suna muhawara a kai, Katolika na haƙuri da shi, Furotesta da yawa sun ƙi. Muhawararsu ce. Baƙon da ya hau mumbari a watansa na farko yana tsine wa kaburbura, iyayen mutane ya zaga, kuma faston da ya gayyace shi ne zai kwana a ciki.

Haka fady, abubuwan da aka hana. Sun bambanta daga ƙauye zuwa ƙauye: wani wuri naman alade, wani wuri noma a wata rana, kusan ko'ina nuna kabari da yatsa. Ka tambayi dattawa kafin ka shiga.

Faransanci zai kai ka ofisoshi kawai. Ku ba watanni shida na farko ga koyon Malagasi a ƙarƙashin faston gida, kuma ku fara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro kafin ku gangara bakin teku.