Tashar haɗi ta laftop: me ya sa allon da na jona ya ƙi kawo hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni akanta ne a Kaduna. Na sayi na'urar nan da ake jona wa laftop da waya guda, ita kuma ta ɗauki allo, kibod, linzami da firinta. Komai yana aiki, sai allon ne kawai ya ƙi kawo hoto. Shin na'urar ce ba ta da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin ka mayar wa mai shago da kayansa, ka fara duba ƙofar da ka jona ta a jikin laftop ɗin, domin a mafi yawan lokuta a nan matsalar take. Ƙofofin USB-C duk kamarsu ɗaya a ido, amma aikinsu ya bambanta ƙwarai: wata bayanai kawai take ɗauka, wata tana ƙarawa da caji, wata kuma tana fitar da hoto ta tsarin da ake kira DisplayPort Alt Mode. Idan ƙofarka ba ta da wannan tsari, kibod da firinta za su yi aiki lafiya lau tunda su bayanai kawai suke bukata, allon kuwa zai zauna baƙi ƙirin, kamar yadda ka gani. Tashar haɗi, wato na'urar da ka saya, irin wadda aka saba gani ba ta ƙirƙirar hoto da kanta; abin da laftop ta miƙo mata shi take rarrabawa.

Ka duba gefen ƙofar da kyau. Idan akwai alamar walƙiya mai kan kibiya, to Thunderbolt ce, wato ƙofa mai saurin gaske da ke fitar da hoto, kuma Thunderbolt 4, wadda ta fito a 2020, tana tafiyar da gigabit 40 a daƙiƙa, tana ɗaukar allo biyu masu ingancin 4K. Idan harafin D ne da P a cikinsa, ita ma tana fitar da hoto. Sau da yawa kamfanoni ba sa buga kowace alama, saboda haka hanya mafi tabbas ita ce ka ɗauki lambar samfurin da ke ƙarƙashin laftop ɗin, ka nemi bayanin ƙofofinta a shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Abu na biyu shi ne wayar haɗin. Yawancin wayoyin USB-C da ke zuwa da cajar wayar salula ba sa wuce megabit 480 a daƙiƙa, kuma ba sa ɗaukar hoto ko kaɗan. Na sha ganin an zargi tasha mai tsada alhali wata siririyar wayar caji ce aka maye gurbin ta asali da ita. In duk waɗannan sun cika amma har yanzu babu hoto, ka danna maɓallin Windows tare da harafin P, ka zaɓi Extend, wato faɗaɗa hoton zuwa allon waje.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina zanen gine-gine da MacBook Air mai M1. Na jona allo biyu ta tashar haɗi, amma abu ɗaya suke nunawa. Yaya zan raba su?

Amsa: Malama, a nan abu biyu ne suka haɗu. Na farko, MacBook Air mai M1 da mai M2 (sunayen ƙwaƙwalwar da ke cikinsu ke nan) allo ɗaya tak suke ɗauka daga waje, haka Apple ya ƙera su. Mai M3 ta 2024 tana ɗaukar biyu amma sai an rufe murfinta, mai M4 kuwa tana ɗaukar biyu murfi a buɗe. Na biyu, tashoshi masu sauƙin kuɗi suna raba hoto ne ta dabarar MST, wadda Windows ke aiki da ita, macOS na kwamfutocin Apple kuwa ba ya raba alluna ta wannan hanya, shi ya sa kike ganin hoto ɗaya sau biyu.

Mafita ita ce tasha mai fasahar DisplayLink, wadda ke matse hoton ta tura shi a matsayin bayanai ta USB, bayan kin saka manhajarta a kwamfutar. Ga aikin rubutu da lissafi ba ta da laifi, amma tana ɗora wa kwamfuta nauyi, wani lokaci ana jin ɗan jinkiri wajen motsi, kuma bidiyo masu kariya irin na Netflix kan ƙi fitowa. Tunda zane kike yi, ni da zan ba ki shawara, gara ki sayi babban allo guda mai kyau, ki riƙa amfani da na laftop ɗin a matsayin na biyu.

Tambaya: Tashata tana cajin laftop, amma batir yana raguwa ina cikin aiki.

Amsa: Wutar da take bayarwa ce ta gaza. Ka duba wat nawa aka rubuta a jikin cajarka ta asali. Idan 90 ce, tashar kuma 60 take fitarwa, to giɓin daga batir ake cike shi. Ƙananan tashoshi da ake jona wa caja suna kuma cire nasu kason kafin su miƙa saura. Sannan ka tuna cewa idan aka ɗauke wuta, laftop za ta ci gaba da batirinta, amma tasha mai cajarta daban za ta mutu nan take tare da duk abin da ke jikinta. Idan kana kwafar fayil zuwa ma'ajiyar waje a daidai lokacin, yana iya lalacewa, don haka ka jona tashar a UPS ko inbata, ko kuma ka sa ma'ajiyar kai tsaye a jikin laftop ɗin.