Ƙanwata, tsibirin Man ba Ingila ba ne, ki san masu mulkinsa kafin ki ba ejan kuɗinki

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga saƙonki tun shekaranjiya, dutin dare ne ya hana ni amsawa, yau ina hutu shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto miki a tsanake. Kin ce kin gama makarantar nas kin yi shekara uku kina aiki, wani ejan ya ce zai samo miki aiki a gidan kula da tsofaffi a nan Isle of Man, wai kuma ya ce miki ai duk Birtaniya ce, kina yin wata shida sai ki tsallaka Manchester wajen yayarki ki ci gaba da aiki a can. Sannan kika ce wai ni waye ma yake mulkin wurin, tunda kin duba taswira kin ga ɗan ɗigo ne a tsakiyar teku.

To wannan tambayar taki ta biyu ita ce amsar ta farkon, shi ya sa zan daɗe a kanta, ki yi haƙuri da tsawon saƙon.

Tsibirin nan yana tsakanin Ingila da Ireland, mutanensa wajen dubu 84 ne a ƙidayar 2021, kinga ko ƙaramar hukuma ɗaya ta cikin birnin Kano bai kai ba. Amma ba ya cikin ƙasar Birtaniya, ba shi da ɗan majalisa ko ɗaya a Landan, kuma bai taɓa zama memba a Tarayyar Turai ba. Yana ƙarƙashin masarautar Ingila ne kawai, Sarki Charles a nan sarautarsa Lord of Mann, wato ubangidan tsibirin. Landan ta riƙe musu tsaro da hulɗa da ƙasashen waje, suna ma biyan ta wani kaso duk shekara a kan hakan, sauran kuwa, haraji, asibiti, makarantu, 'yan sanda, kotuna, duk nasu ne su suke yi da kansu. Har takardar kuɗinsu daban, ranar da na fara zuwa Liverpool na miƙa fam ashirin ta nan a wani shago mai shagon ya juya ta ya juya ta ya dawo min da ita ya ce ba sa karɓa, alhali a nan kuɗin Ingila ana karɓa ba musu. Tun ranar na gane lallai ƙasa biyu nake ta'ammali da su.

Hanya mafi sauƙi da zan fahimtar da ke tsarin gwamnatinsu ita ce ki tambayi Baba ko wani dattijo a gida yadda Arewa take a jamhuriya ta farko. Akwai Gwamna Sir Kashim Ibrahim, ana girmama shi yana sa hannu a takardu, amma mulki yana hannun Firimiya Sardauna da ministocinsa, kuma dukkansu daga cikin majalisa suka fito. To kusan haka yake a nan. Kar kalmar gwamna ta ruɗe ki don mu a gida in an ce gwamna an gama magana. A nan akwai Laftanar Gwamna, wakilin Sarki, Sir John Lorimer ne aka rantsar a 2021, tsohon janar na soja. Shi yake sa hannu a yawancin dokoki a madadin Sarki, shi yake naɗa ministoci a hukumance, amma wanda aka miƙo masa sunansa yake naɗawa. A da can gwamnan ne komai, shi ne mai kasafin kuɗi shi ne mai 'yan sanda, a hankali a hankali suka yi ta zare ikon daga hannunsa har zuwa 1986 da aka fara Cif Minista, Miles Walker ne na farko, a 1990 kuma aka kafa majalisar ministoci a yadda take yanzu.

Shi Cif Ministan ba jama'a ne suke zaɓensa kai tsaye ba, ba za ki taɓa ganin fosta an ce wane for Cif Minista ba. Duk shekara biyar ana zaɓen mutum 24 zuwa majalisar da suke kira House of Keys, mazaɓu 12 kowacce mutum biyu. Su waɗannan 24 ɗin su suke zama su zaɓi ɗaya daga cikinsu. A Oktoban 2021 Alfred Cannan suka zaɓa, kafin shi Howard Quayle ne, kafin shi Allan Bell. Abin da ya fi ba ni mamaki da na zo shi ne yawancinsu ba su da jam'iyya, kowa da sunansa yake tsayawa, akwai ƙananan jam'iyyu kamar Manx Labour da Liberal Vannin amma kujerunsu kaɗan ne. Saboda haka Cif Minista ba shi da wata jam'iyya mai rinjaye da zai jingina da ita, dole ya yi ta lallaɓa mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma ranar da suka ƙi shi za su iya kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa su sauke shi ba sai wa'adi ya cika ba.

Daga nan sai ya zaɓi ministocinsa, doka ta ce ba za su wuce tara ba ban da shi, kuma dole daga cikin 'yan majalisa, ba irin namu ba da gwamna zai ɗauko abokinsa daga Abuja ya ba shi kwamishina. Ma'aikatun su ne baitulmali, ofishin kabinet, lafiya da kula da jama'a, ilimi da wasanni da al'adu, harkokin cikin gida, ayyuka da sufuri, muhalli da abinci da noma, sai ta kasuwanci da samar da ayyuka. Mutum goma ko ƙasa da haka a ɗaki ɗaya a ginin gwamnati da ke Bucks Road a Douglas, babban birnin tsibirin, su ne gwamnatin ƙasar gaba ɗaya. In sun yanke shawara kowa a cikinsu dole ya kare ta a bainar jama'a, wanda zuciyarsa ba ta yarda ba sai ya ajiye muƙami. Kuma suna ajiyewa fa, a 2024 ministan lafiya Lawrie Hooper ya yi murabus saboda saɓani a kan kuɗin lafiya, mu da muke aiki a ɓangaren mun bi maganar sosai don ta shafi tuwonmu.

Akwai wani abu da ni a ganina shi ne raunin tsarin, ko su 'yan ƙasar suna faɗa. Bayan ministoci, ana ɗaukar wasu 'yan majalisar a ba su muƙami a cikin ma'aikatu, su zama kamar mataimakan minista. To majalisa ta mutum 24, ki cire ministoci, ki cire masu taimaka musu, ki cire kakaki, su nawa suka rage da za su tsare gwamnati da tambaya ba tare da jin nauyi ba? Ranar Talata in suna zaman tambayoyi nakan kunna Manx Radio ina girki, za ki ji 'yan tsirarun muryoyi ne kullum suke matsa wa ministoci lamba. Akwai dai majalisa ta biyu mai mutum 11 da take sake duba dokoki, takwas 'yan Keys ne suke zaɓensu, sai shugaban majalisa da bishop da babban lauyan gwamnati wanda shi ba ya ƙuri'a. In biyun suka haɗu su ne Tynwald, wadda suke alfahari da ita suna cewa ta haura shekara dubu ba ta yanke ba, a 1979 suka yi bikin cikarta dubu.

Amma kuma ƙanƙantar tana da daɗinta, wallahi na gani da idona. Wata tsohuwa da nake kula da ita an daɗe ana ɗaga mata ranar ganin likita, rannan ina gyara mata matashi ta ce in miƙo mata wayarta za ta kira ɗan majalisarta. Ni na ɗauka maganar tsufa ce. Ta kira, ya ɗauka da kansa, ta kira shi da sunansa na yanka ta yi masa faɗa son ranta, yana ba ta haƙuri. Na tsaya riƙe da matashin ina kallonta. Ministoci kuma za ki haɗu da su a layin biyan kuɗi a kanti da kwandonsu a hannu, ba jiniya ba ɗan sanda. Ranar 5 ga Yuli in Allah ya kawo ki zan kai ki ƙauyen St John's, ranar a fili Tynwald ɗin suke zama a kan wani ɗan tudu mai hawa huɗu, gwamna a sama, a karanto taƙaitattun dokokin da aka yi a shekarar da Turanci da yarensu na Manx jama'a suna ji, dokar da ba a shelanta a wurin ba cikin wata 18 ta faɗi. Kuma talaka yana da damar takowa gaban tudun ya miƙa takardar kokensa hannu da hannu. Shekarar da na fara zuwa har idona ya ciko, na tuna yadda mahaifinmu ya yi ta zirga-zirga a kan kuɗin fanshonsa bai taɓa samun wanda zai saurare shi ba.

To yanzu ga inda duk wannan ya shafe ki. Tunda gwamnatinsu daban, dokar shige da ficensu ma tasu ce, tana kama da ta Birtaniya sosai amma ba ita ba ce. Za ki cike takardu ki je a ɗauki hoton yatsunki a cibiyar bizar Birtaniya a gida, amma jami'an tsibirin nan ne suke yanke hukunci, kuma bizar da za a ba ki ta aiki a nan ce wajen wanda ya ɗauke ki. Za ki iya hawa jirgin ruwa ki je Manchester ki ga yayarki ki yi mata kwana biyu ki dawo, ba wanda zai hana ki, amma ki kama aiki a can da wannan bizar ba ya halatta, sai kin sami wani mai ɗaukar aiki a can kin nemi tasu bizar daga farko. Wannan maganar wata shida da ejan ya faɗa miki ba ta da tushe, kuma in aka kama mutum yana aiki ba bisa ƙa'ida ba shi zai kwana a ciki, ejan yana gida ya ci kuɗinsa. Na san wata baiwar Allah daga wata ƙasar Afirka da aka yi wa irin wannan alkawarin, ta sayar da filinta, yau shekara biyu tana nan ba ta son wurin kuma ba ta da hanyar tafiya.

Bayan biza akwai kuma tsarin takardar izinin aiki, wannan yana hannun ma'aikatar kasuwanci, an yi shi ne don a fifita 'yan tsibirin a wajen ɗaukar aiki, sai mutum ya yi shekara biyar a jere yana zaune sannan ake lissafa shi cikin ma'aikatan tsibiri. Ki tambayi mai ɗaukarki a rubuce yadda wannan ya shafe ki, musamman ma maigidanki in tare za ku zo, kar ya iso ya zauna a ɗaki.

Asibitocin gwamnati kuma ba ƙarƙashin hukumar lafiya ta Ingila suke ba. Tun Afrilun 2021 aka kafa Manx Care, ita take gudanar da babban asibitin Noble's da sauran wuraren, ma'aikatar lafiya tana tsara manufa ta ba ta umarni, baitulmali kuma ya saki kuɗi, a watan Fabrairu ake karanta kasafin. Rajistarki ta nas dai ta hukumar NMC ce ta Birtaniya, wannan kam ɗaya ne, in ba ki da ita mataimakiya za a ɗauke ki kuma albashin ba ɗaya ba ne, ki bincika wanne aka rubuta a takardarki.

Wani abu da ya kamata ki sani a matsayinki na musulma mai aikin jinya, a Maris ɗin 2025 majalisar nan ta zartar da ƙudurin da zai ba marar lafiyar da aka tabbatar ajalinsa ya kusa damar neman a taimaka masa ya mutu, ta riga Ingila da Scotland. Bayan zartarwar sai an sami amincewar Sarki sannan ya zama doka, kuma irin waɗannan manyan al'amura ta Landan suke bi. Ni abin ya tsaya min a rai ƙwarai, na rubuta wa 'yan majalisar mazaɓata su biyu na faɗi ra'ayina, ɗaya ya amsa min. Kuma kin san me, a nan in kin yi wata 12 kina zaune kina da damar yin rajistar zaɓe, ba sai kin zama 'yar ƙasa ba, tun daga shekara 16 ma ake ƙuri'a. A mazaɓar da 'yan ƙuri'u kaɗan suke raba mai nasara da wanda ya faɗi, ki ga ba za su raina wasiƙarki ba.

Sauran rayuwa a taƙaice, gidan haya yana wuya kuma da tsada, iska da ruwa kusan kullum, in teku ta yi fushi jirgin ruwa bai taso daga tashar Heysham ta Ingila ba za ki ga kantuna sun fara yin fayau, kamfanin jirgin ma gwamnati ce ta saye shi a 2018 saboda shi ne jijiyar tsibirin. Musulmi ba mu da yawa amma muna da wurin sallah a Douglas muna haɗuwa, kuma akwai zaman lafiya, ina tashi daga aiki cikin dare in tako gida ba fargaba.

Kafin ki ba kowa ko sisi, ki ce ya nuna miki takardar tabbacin ɗaukar aiki da ofishin shige da fice na tsibirin ya amince da ita, da sunan gidan tsofaffin, ki ɗauki hotonsu ki turo min. Garin ƙarami ne, ranar hutuna zan hau bas in je in ga wurin da idona in tambayi ma'aikatansu. Ki gaishe min da Mama, ki ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.