Banki na ba da kashi 8, wani ya ce 20 duk wata: ina zan kai kuɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa a Ƙofar Marusa, Katsina. Na tara N500,000 da nake son ajiyewa inda zan iya cirowa duk ranar da kaya suka iso. Bankina na ba da kusan kashi 8, wata manhaja 15, wani kuma ya ce zai riƙa ba ni kashi 20 duk wata. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kashi 8 da 15 ɗin nan na shekara ne, ba na wata ba. Babban Bankin Najeriya ya wajabta wa bankuna biyan masu asusun ajiya aƙalla kashi 30 cikin 100 na MPR, wato ma'aunin kuɗin ruwa da shi Babban Bankin ke tsayarwa. Da yake 27.5 a ƙarshen 2024, sai ya kama 8.25. A kan kuɗinki N41,250 ke nan a shekara, wajen N3,400 a wata, kafin a cire harajin kashi 10. Kuma idan kika cire kuɗi fiye da sau huɗu a wata, kuɗin ruwan wannan watan ya faɗi. Ga 'yar kasuwa wannan sharaɗin ya fi lambar da aka rubuta a talla muhimmanci.

Manhajar kuwa, ki tambayi wane banki ne ke riƙe da kuɗin. NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya a bankuna, na biyan har naira miliyan 5 idan bankin kasuwanci ya durƙushe, miliyan 2 a ƙaramin bankin microfinance. Ki kuma duba ko 15 ɗin sai an kulle kuɗin wata uku ko shida.

Sai mai kashi 20 a wata, kuma nan ne raina ke ɓaci. Kullum sai an zo mana da wannan zancen: "ai ƙawata an biya ta." To da kuɗin wa? Kashi 20 a wata kashi 240 ne a shekara. Wace atamfa ce ke kawo haka? Da kuɗin sababbin shiga ake biyan waɗanda suka riga su, ranar da sababbi suka daina shigowa a rufe shafin, wayar wakili ta daina shiga. Haka shirin zuba kuɗi na MMM ya yi a Disambar 2016, haka CBEX a Afrilun 2025, amma har yau ana tara mata a gidan biki ana nuna musu hoton alat a waya. Takardar CAC (hukumar rajistar kamfanoni) da suke ɗagawa rajistar kamfani ce kawai, ba lasisin karɓar ajiya ba. Wanda ya kawo ki ma kamashonsa yake ci, ko da ɗan'uwanki ne.

Idan kuma kuɗin ruwan ne ba kya so, bankunan Jaiz da TAJBank na da asusun mudaraba, wato a juya kuɗinki a raba riba. Can ba a yanka miki adadi tun farko, ki nemi su faɗa miki rabon ribar da abin da suka biya a watannin baya.